Yadda Ake Zaɓen Pawa Bank da Iyafis Maras Igiya a Saudiyya, da Yadda Ake Kula da Su Cikin Zafi da Cunkoso

Duk wanda ya zauna a Makka ko Jidda ko Madina ya san cewa aikin waya a ƙasar nan ya wuce gaisawa da mutanen gida. Iƙamar mazauni, wato katin izinin zamansa a ƙasar, tana cikin manhajojin gwamnati na Absher da Tawakkalna, izinin shiga Rauda yana cikin manhajar Nusuk, tikitin jirgin ƙasa na Haramain yana cikin waya, haka kuma taswirar da za ta mayar da baƙo masaukinsa idan ya fita daga Harami ta wata ƙofa dabam da wadda ya shiga. Saboda haka mutuwar batir a nan tana iya raba tsoho da tawagarsa, ko ta tsayar da ma'aikaci a gaban jami'in tsaro ba shi da abin nunawa. Shekara da shekaru ina tarbar 'yan uwa masu zuwa Umara da aikin Hajji, kuma abin da na fi gani shi ne mutane suna sayen pawa bank da iyafis saboda girman lambar da ke jikin kwali, sannan zafin ƙasar da cunkoson jama'a su tona asirin kayan a ranar da aka fi bukatarsu. Jagorar nan ta bi abin daki-daki, daga duba wayar da ke hannunka har zuwa ajiye kayan bayan an gama tafiya.

Fara da wayarka kafin ka je shago

Abu uku za ka sani game da wayarka: irin bakin cajinta, girman batirinta, da yawan wat ɗin da take karɓa. Bakin caji iri uku ne a hannun mutanenmu. Akwai USB-C, wanda ake sa shi ta kowace fuska ya shiga, akwai tsohon micro USB na ƙananan wayoyi da tsofaffi, sannan akwai Lightning na iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta, domin daga iPhone 15 ta shekarar 2023 kamfanin Apple ya koma USB-C. Hukumar ƙayyade ingancin kaya ta Saudiyya, wato SASO, tare da hukumar sadarwa sun wajabta USB-C a kan sababbin wayoyi da iyafis da makamantansu da ake sayarwa a ƙasar daga 1 ga Janairun 2025, don haka duk abin da za ka saya yanzu gara ya zama mai wannan bakin, ko da kuwa za ka haɗa da ƙaramar igiya guda saboda tsohuwar wayar Hajiya. Girman batir kuwa, yawancin wayoyin Android na yau suna tsakanin 4,500 zuwa 5,000 a ma'aunin girman batir da ake kira mAh, kuma za ka ga adadin a jikin kwalin wayar ko a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Lissafin da yake raba gaskiya da ƙarya

A nan ne ake cutar mutane, don haka zan ɗan daɗe a kai. Lambar da ake rubutawa da manyan haruffa, kamar mAh 10,000 ko 20,000, ƙarfin ƙwayoyin batirin da ke ciki ne, kuma waɗannan ƙwayoyi suna aiki ne a kan bolt 3.7 ko kusa da haka. Ita kuwa wutar da ke fita zuwa waya sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, kuma wajen ɗagawar nan wani kaso yana tafiya a zafi, wani kuma yana sake tafiya a cikin wayar kanta. Idan ka ninka 10,000 da 3.7 ka raba da 1,000, za ka samu 37 a ma'aunin da ake kira Wh, wanda shi ne ainihin wutar da ke ajiye. Idan aka mayar da ita bolt 5 sai ta koma mAh 7,400 a takarda, bayan an cire asara kuma abin da ke fita bai cika wuce 6,000 zuwa 6,500 ba. Kamfanonin kirki ba sa ɓoye wannan, suna rubuta shi da ƙananan haruffa a bayan na'urar a matsayin ƙarfin da take bayarwa a zahiri, kuma ganin wannan ƙaramar lambar yana daga cikin alamomin da ke kwantar mini da hankali a kan kaya.

Abin da lissafin yake nufi a aikace shi ne, pawa bank mai 10,000 zai cika waya mai batir 5,000 sau ɗaya ya kuma ƙara mata kusan rabi, mai 20,000 kuwa, wanda yake Wh 74, zai cika ta kusan sau uku. Wanda ke zuwa aiki ya dawo gida da dare, mai 10,000 ya ishe shi, kuma yana shiga aljihun jallabiya ba tare da ya ja ta ƙasa ba. Wanda zai yi kwanakin Mina da Arafat, ko direban da ke yini a hanya, ko wanda zai raba caji da matarsa ko mahaifiyarsa, shi mai 20,000 ya kamata ya nema.

Nauyi ma shaida ne, domin batirin da ke ajiye wuta mai yawa dole ya yi nauyi. Mai 10,000 na gaske yakan kai giram 200 ko kusa da haka, mai 20,000 kuma yana tsakanin giram 350 zuwa 450. Wata shekara kawuna ya zo Umara cikin azumi, muna zaune a masaukinsa a unguwar Misfala ta Makka bayan Tarawihi, sai ya zaro wani baƙin pawa bank daga jakar wuyansa ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, duba mini abin nan, an ce mini dubu hamsin ne, amma ko la'asar ba ya kai ni." Da na karɓa sai na ji bai fi ƙaramar waya nauyi ba, ga fitilu huɗu duk suna ci kamar a cike yake, bayansa kuma babu Wh, babu sunan kamfani, babu adireshi. Na ce masa, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, da dubu hamsin ne na gaske da ya kai kilo guda, kuma da ba a bar ka ka hau jirgi da shi ba." Dalilin maganar shi ne mAh 50,000 ya kai Wh 185, wanda ya wuce iyakar da jiragen fasinja suka yarda da ita. Muka jona shi da wayarsa muka zuba ido, bai kai ta rabi ba fitilun suka mutu gaba ɗaya.

Akwai kuma irin mai ɗan faifan sola a bayansa, wanda yake jan hankalin mutanenmu saboda suna ganin ga rana kyauta a ƙasar Larabawa. Ban ba kowa shawarar ya dogara da shi ba. Faifan ƙarami ne ƙwarai, sai ya yi kwanaki a rana kafin ya cika batirin, kuma shanya batirin litiyom, irin wanda ke cikin pawa bank da waya, a ranar Makka ita ce hanya mafi sauri ta lalata shi.

Saurin caji, igiya da kan caja

Bayan girma sai sauri, wanda ake aunawa da wat. Ka nemi pawa bank da aka rubuta PD a jikinsa, wato alamar tsarin caji mai sauri, mai bayar da wat 20 ko fiye ta bakin USB-C, domin da wat 20 iPhone takan kai kusan rabi cikin minti 30. Mai Samsung ya duba ko an rubuta PPS, wani ƙarin tsari na caji mai sauri, saboda cajinta mai sauri na wat 25 yana bukatarsa. Wasu wayoyin, kamar na Oppo da Xiaomi da Infinix da Tecno, suna da tsarin cajinsu na musamman wanda ba ya kai ƙarshen saurinsa sai da cajar kamfanin, don haka kada ranka ya ɓaci idan wayar da ke shan wat 45 a bango ta koma shan ƙasa da haka a pawa bank.

Mutane da yawa suna manta su tambayi saurin da shi kansa pawa bank yake cika. Mai 20,000 da ke karɓar wat 10 kawai zai ci awa takwas zuwa goma, wanda ke karɓar wat 18 zuwa 20 kuwa awa biyar ta kusa isarsa. A ɗakin otal da mutum huɗu ko biyar ke rabon soket biyu, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Igiya kuwa, sau da yawa ita ce mai laifin da ake ɗora wa batir. Siririyar igiyar riyal biyar tana iya rage gudun wuta ta kuma yi zafi a bakinta. Igiyar USB-C ta kirki tana ɗaukar har wat 60, wanda ya wadaci kowace waya da aka saba gani, kuma gajeriya ta fi dacewa da jakar wuya domin ba ta harɗewa da carbi da katin shaida. Ka sayi biyu, ka ajiye ɗaya a akwati. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne masu kusurwa, irin na Ingila wanda aka saba da shi a Najeriya, wutar kuma bolt 230 ce. Wanda ya taso daga Nijar ko Kamaru da caja mai baki biyu masu zagaye zai bukaci adafta, kuma gara ya sayi kan caja mai baki uku a nan da ya riƙa cusa tsinke a soket don ya buɗe. Cajar da ake ɗora waya a kai ba igiya, ko mai maganaɗisu da ke mannewa a bayan waya, tana da daɗin amfani a ofis mai sanyi, amma tana ɓarnar wuta fiye da igiya kuma tana ɗumama waya, saboda haka ba ita zan ɗauka zuwa Arafat ba.

A cikin shago

Wuraren saye ba su da wuya. Akwai manyan shaguna irin su Jarir da eXtra, akwai kasuwannin intanet irin su Noon da Amazon, akwai kuma jerin shagunan waya a unguwanni kamar Aziziyya a Makka da Titin Falasɗinu a Jidda. Baƙon da bai iya Larabci ba zai amfana da kalmomi kaɗan: waya ita ce jawwal, caja shahin, pawa bank shahin mutanaƙƙil, iyafis samma'a, na asali asli, jabu taƙlid, rasit fatura, garanti kuma daman. Tambaya ɗaya, "Asli ko taƙlid?", ta kan sa mai shago ya gane cewa ka san abin da kake nema, kuma sau da yawa sai ka ga ya mayar da wanda ya fara ɗaukowa ya kawo wani.

Kada ka bar shago ba fatura. Tun Disamban 2021 fatura a Saudiyya ta koma ta na'ura mai ɗauke da lambar QR, kuma harajin kashi 15 cikin ɗari yana fitowa a jikinta. Ita ce hujjarka idan kaya ya lalace, ita ce kuma za ka nuna idan ka kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900 ko ta manhajar Balagh Tijari. Ka tambayi tsawon daman da kuma inda ake kai kaya idan ya samu matsala, sannan ka ɗauki hoton faturar nan take, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa cikin 'yan watanni, balle a aljihu mai gumi. Abin da ake shimfiɗawa a bakin titi bayan sallar Isha ba shi da fatura ba shi da daman, kuma wanda ya sayar maka ba lalle ka same shi a wurin gobe ba.

Kafin ka biya, ka juya na'urar ka karanta bayanta. Ka tabbatar akwai mAh da Wh, akwai wutar shiga da ta fita, akwai sunan kamfani da lambar samfuri, kuma rubutun a sarari yake bai goge ba, domin jami'in filin jirgi yana iya karɓe pawa bank ɗin da ba a iya karanta ƙarfinsa. Ka jona wayarka a gaban mai shagon ka ga ko ta nuna alamar caji mai sauri. Da ka isa gida kuma, ka cika shi har ƙarshe, ka bar wayarka ta sauka zuwa kashi 10 ko 20, ka caje ta da shi kana lissafin sau nawa zai yi kafin ya ƙare. Wannan gwajin a makon farko ake yin sa, tun faturar tana hannu.

Zafi

Batirin litiyom ba ya son a caje shi a zafin da ya wuce digiri 45, kamfanin Apple ma ya ce wayarsa ta fi son yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Hajjin 2024 kuwa an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Cikin motar da aka rufe aka ajiye a rana ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, kuma a nan ne na ga pawa bank ɗin wani maƙwabcina ya kumbura har murfinsa ya rabu biyu, bayan ya manta da shi a gaban gilashi daga azahar zuwa la'asar. Allah ya kiyaye bai kama da wuta ba.

Saboda haka kada ka bar pawa bank ko akwatin iyafis a mota, kada ka caji waya a ƙarƙashin matashi ko cikin bargo, kuma kada ka haɗa waya da pawa bank a ƙaramar jaka ka zuge zif alhali suna caji kana tafiya a rana, domin kowannensu yana fitar da zafi yana zuba wa ɗan uwansa. Ka jira ka shiga inuwa, ka cire rigar wayar idan mai kauri ce, sannan ka jona. Idan waya ta rubuta cewa ta dakatar da caji saboda zafi, kare kanta take yi, sai ka bar ta ta huce a iska, amma kada ka sa ta a firji ko cikin kular ƙanƙara, domin raɓa za ta taru a cikinta. Batirin da ya kumbura, ko yake wani wari mai kama da na sinadari, ko yake zafi alhali ba ya aiki, amfaninsa ya ƙare. Kada a matse shi, kada a huda shi, kada a sake jona shi da wuta. A ajiye shi a kan tayil ko siminti nesa da labule da katifa, sannan a kai shi wurin da ake karɓar tsofaffin batura maimakon kwandon shara. Idan ya fara hayaƙi a nisance shi a fitar da yara, a kira 911 a yankin Makka ko 998 na masu kashe gobara.

Hawa jirgi

Ƙa'idar da jiragen sama suka ginu a kai ita ce pawa bank ba ya shiga akwatin da za a auna a tura ƙarƙashin jirgi, sai dai jakar hannu. Wanda bai wuce Wh 100 ba, wato kusan mAh 27,000, yana wucewa ba sai da izini ba. Daga Wh 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya amince, kuma guda biyu kawai, abin da ya haura haka ba a ɗaukarsa. Tun bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025, wadda ake zargin pawa bank ne ya haddasa ta, kamfanoni da dama sun tsaurara, har Emirates ta hana amfani da pawa bank a cikin jirgi daga Oktoban 2025. Don haka ka duba dokar kamfaninka kafin ranar tafiya, musamman idan ka sayi uku ko huɗu don tsaraba, kuma ka raba su da makullai da tsabar kuɗi don kada ƙarfe ya taɓa bakinsu.

Zaɓen iyafis

Iyafis maras igiya iri uku ne a kasuwa: ƙanana guda biyu masu zama a akwatinsu, mai zagaye wuya wanda igiya ta haɗa kunnuwansa biyu, da babban hedifon mai rufe kunne. Babban yana da daɗin sauti a jirgi ko a ɗaki, amma a zafin nan kunne yana jiƙewa da gumi cikin mintuna. Ƙananan su ne abin yayi, kuma sun dace da zirga-zirgar yau da kullum, batirinsu yakan yi awa biyar zuwa takwas, akwatin kuma ya sake cika su sau uku ko huɗu. Ga mai ibada a cikin cunkoso da kuma tsofaffi, ni mai zagaye wuya na fi so, saboda idan ya fita daga kunne yana rataye a ƙirji. Ƙaramin iyafis da ya faɗi a wurin ɗawafi ko a hanyar Jamarat ya tafi ke nan, kuma sunkuyawa neman sa a cikin tururuwar mutane haɗari ne ga ranka da na wanda ke bayanka.

Yawancin mutanenmu kira suke yi da sauraron karatu da wa'azi da saƙon murya, don haka ingancin makirfo ya fi ƙarfin bugun sauti muhimmanci. Akwai gajerun sunaye biyu a jikin kwali da ake rikitawa. ANC yana rage hayaniyar da ke shiga kunnenka kai mai sauraro, ENC kuma yana tace muryarka don wanda ke ɗaya ɓangaren ya ji ka sosai. Mai yawan kiran gida daga bakin titi na biyun ya fi bukata. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka fita ƙofar shagon ka ɗauki saƙon murya na daƙiƙa 20 a WhatsApp, sannan ka saurara. Ka duba lambar juriyar ruwa, inda IPX4 yake nufin yana jure gumi da yayyafi, IP54 kuma ya haɗa da kariya daga ƙura. Duk da haka a cire shi kafin alwala, a kuma bar kunne ya bushe kafin a mayar.

Jabun AirPods, wato iyafis na kamfanin Apple, sun cika gari, kwalinsu da rubutunsu kamar na gaske, har lambar shaidar na asali ake kwafa a manna musu. Daga iOS 16, wato zubi na 16 na manhajar da ke tafiyar da ita, iPhone takan yi gargaɗi idan ta kasa tantance su, amma abin da ya fi tsare mutum shi ne farashi da wurin saye, domin abin da babban shago ke sayarwa ɗaruruwan riyal ba zai zo hannunka da riyal 50 ya zama na asali ba. Idan kuɗinka bai kai ba, iyafis na gaske daga kamfani mai matsakaicin farashi, kamar Anker ko Oraimo ko Xiaomi, ya fi jabun babban suna ƙarko.

Haɗa shi da waya ba wuya. Ka cika akwatin tukuna, ka kunna Bluetooth a waya, ka buɗe murfin kusa da ita, idan sunansa bai fito ba ka danne maɓallin akwatin na 'yan daƙiƙu har fitila ta fara ƙiftawa, sannan ka zaɓe shi. Idan kunne ɗaya ya daina magana, ka share sunan daga jerin na'urorin wayar, ka mayar da duka biyun cikin akwati, ka goge ƙananan ƙarafan da suke taɓawa da busasshen auduga, sannan ka sake haɗawa daga farko, domin gumi da dattin kunne ne suke hana su caji a mafi yawan lokuta. Wasu pawa bank suna kashe kansu idan wutar da ake ja ta yi ƙanƙanta, kamar ta akwatin iyafis, kuma da yawansu suna da yanayin ƙaramar wuta da ake shiga ta hanyar danna maɓalli sau biyu ko danne shi.

Bluetooth yana kai kusan mita 10 a fili, amma jikin mutum yana tare shi, kuma inda dubban wayoyi suka taru sauti yakan riƙa yankewa. Sa wayar a aljihun ƙirji ko jakar wuya yana rage wannan. Akwai kuma ladabin da nake roƙon kowa ya kiyaye: kafin ka shiga sahu ka tsayar da abin da kake saurare ka sa wayar a shiru, saboda idan iyafis ya mutu ko ya rabu da wayar, ƙarar kira da wasu sautukan suna komawa lasifikarta a tsakiyar salla.

Kunne kuma amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako, kuma duk lokacin da aka ƙara ƙarfi lokacin yana raguwa da sauri. Kada ka wuce kashi 60 na ƙarfin wayar, kuma idan hayaniya ce ke sa ka ƙarawa, ka canja robar iyafis zuwa wadda ta toshe kunnenka daidai. Direba ya sani cewa riƙe waya a hannu yana tuƙi laifi ne da tararsa take daga riyal 500 zuwa 900, kuma kyamarori suna kamawa. Iyafis a kunne ɗaya yana raba shi da riƙon, amma kada ya toshe duka biyun da ANC har ya kasa jin hon ko jiniyar motar asibiti. Mai tafiya a ƙasa ma haka, musamman wajen tsallaka manyan tituna.

Kwanakin Mina, Arafat da Muzdalifa

A daren 7 ga Zulhijja ka cika komai, waya da pawa bank da akwatin iyafis, tun kana masauki. Tantunan Mina suna da soket, amma mutane sun fi su yawa, don haka kan caja mai baki biyu ko uku zai amfane ka ya amfani maƙwabcinka, kuma ka rubuta sunanka a jikin kayanka domin farare da baƙaƙen caja duk kamarsu ɗaya. Ranar 9 a Arafat ake fassara huɗubar Masallacin Namira kai tsaye zuwa harsuna da yawa har da Hausa, ana kuma samunta ta dandalin Manaratul Haramain, kuma wannan yana daga cikin wuraren da iyafis ya fi amfani ga wanda ba ya jin Larabci. Daren Muzdalifa a fili ake kwana, kada ka sa ran soket, sannan washegari ga tafiyar jifa da ɗawafi, saboda haka rabin pawa bank ɗinka na wannan dare da safiyarsa ne.

Inda jama'a suka yi yawa sabis yakan yi rauni, kuma waya tana ƙona batir wajen neman sa. Ka kunna yanayin tattalin batir tun da safe, ka rage hasken fuska gwargwadon yadda za ka iya gani, ka sauke taswirar Makka a waya tun kana da intanet mai kyau, ka kuma jinkirta kiran bidiyo da tura hotuna har ka koma inda wuta take. Ka fara caji tun waya tana kashi 30, kada ka jira ta mutu. Katin Nusuk, wato katin shaidar mahajjaci, ya zauna a wuyanka, lambar jagoran tawagarku da lambar tantinku kuma su kasance a rubuce a takarda cikin jakarka, ka yi wa tsohon da kuke tare da shi irin wannan.

Bayan an dawo, pawa bank ɗin da ba za a yi amfani da shi ba sai wata tafiyar kada a ajiye shi a cike ƙwarai ko a mace. A bar shi a kusan rabi, a sa shi a wuri mai sanyi da bushewa nesa da taga da kicin, a riƙa fito da shi duk bayan wata uku ana duba ko ya kumbura ana kuma ƙara masa caji kaɗan. Iyafis ma a goge shi, a wanke robobinsa da ruwa su bushe sarai kafin a mayar, a ajiye shi cikin akwatinsa da caji, a haɗa shi wuri ɗaya da igiyar ajiya da hoton faturar.